Gidan da Mata Ke Ratsawa a Unguwar Tudu

Tun da na dawo daga Gwarzo ban huta da tambaya ba. Mai zuwa karɓar ɗinki ta tambaya, mai aron turmi ta tambaya, ko a bakin famfo ba a barin in tari ruwana: "Maman Zainab, ya gidan? An saya ko ba a saya ba?" Kowacce kuma rabin labarin take ji, ta tafi ta ƙarasa da nata, har jiya na ji wai aljanu na tarar a rijiyar. To na zauna na rubuta shi tun daga farko. Ku karanta, wadda ba ta iya ba a karanta mata, ku bar ni in taka kekena.

Duk wadda ta san ni ta san burina a duniya bai wuce ƙofa ba. Shekara ashirin da ɗoriya ina gidan haya a nan Jos, ciki da falo, tsakar gida ɗaya, layin masai kowace safiya. In na soya albasa, ɗaki goma sun san ko da nama ko babu. Ban taɓa yin kuka a gidan nan ba tare da wata ta ji ta ƙofar ɗakinta ba. Ba na ƙin ku, wallahi, amma na gaji da ido. Ina son tsakar gidan da zan cire ɗankwali in miƙe ƙafa, ba wanda ya san ina ciki ko ba na ciki.

Da tsuke bakin aljihu ya kai ga kamfanin da maigidana ke aiki aka sallame su, sai ya ce mu koma ƙasar iyayensa tun da sauran ƙarfi. Muka haɗa abin da aka sallame shi da shi da abin da keke ya tara mini, muka ce ko me za mu saya, shi ne na ƙarshe. Ya je da rani, ya duba wani tsohon gida a Unguwar Tudu, kusa da Gwarzo, tare da maza, ya dawo bakinsa har kunne. Gida ne shi kaɗai, bai jingina da bangon kowa ba, ga rijiya, ga bishiya. Aibinsa ɗaya, in ji shi, katanga ta ɗan zube a wuri biyu, gabas da yamma, aikin 'yan bulo kaɗan. Na ce sai na gani da idona, kuma da damina, lokacin da gida ba ya iya ɓoye halinsa.

Ya yi dariya ya ce, "Yau ga mace mai duba gida."

Na ce, "Ai ni zan wuni a cikinsa, kai zaure za ka zauna."

Ya aika wa yayarsa, Yaya Hajara, da ke aure a Gammo, ƙauye a hanyar Gwarzo, cewa ina tafe.

Na shiga bas da sassafe da buhun tsaraba, dankali da karas da manyan kabeji. Direban ya ishe mu da kiɗa tun daga tasha. Muna wuce Saminaka, gab da shiga ƙasar Kano, sai ya gangara gefen titi, ya zare kaset ɗin ya zura na wa'azi, ya ce maza su dawo gaba, mata su koma baya, don can Shari'a ake yi, shi ba ya son a tsare shi a hanya. Aka yi ta sauka ana hawa, ana tsallake buhuna. Wani mai ƙaton tumbi ya ce shi ya biya kuɗin bakin taga, ba inda za shi, sai da wata tsohuwa ta ce masa, "To zauna cikinmu, Hajiya." Ba shiri ya tashi. Wata Kirista 'yar kasuwa da ke kusa da ni ta tsorata, kanta ba ko kallabi, na ciro mayafina na biyu na ba ta. Haka muka shiga a natse kamar masu zuwa ta'aziyya, kuma har muka isa Kano ba wanda ya ce mana ci kanku.

A Kabuga na sami motar Gwarzo. Gidajen mai duk a rufe, sai 'yan bumburutu a bakin hanya da galan-galan. Abin da direbanmu ya saya ban san me aka gauraya masa ba, domin motar ta yi ta tari tana shaƙewa, ta mutu a kan wani ɗan tudu, maza suka fita turi. Mu mata muna ciki muna yi musu sannu. Ranar ce na fara ganin amfanin zaman baya.

Rana ta yi sanyi na isa Gammo. Mu a Jos gaisuwa a tsaye ake yi, ina kwana, lafiya, kowa ya kama gabansa. Can kuwa sai kin durƙusa, a tambaye ki gajiya, a tambaye ki hanya, da mutan gida, da ruwa, da sanyin Jos, a numfasa, a sake ɗaukowa daga farko. Kafin in gama gaida tsofaffin gidan, akuya ta zura kai a buhun da na ajiye a bakin ƙofa ta yi wa kabejina aski. Ina cikin wannan takaici Yaya Hajara ta tambayi yara, na ce, "Zainab tana gaishe ki." Sai na ga mata suna rufe baki da gefen zane.

Yaya ta ce, "Ke Rabi! 'Yar farin ce kike kama sunanta gatsau a gaban mutane?"

Na ce, "Yaya, a Jos da sunanta ma ake kirana."

Ta ce, "Allah ya shirya Jos."

Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, an kwarara man shanu wanda makwabtansu masu shanu suka aiko. Na ci har na ji kunya. Sauro kuwa ya karɓi baƙuwa hannu bibbiyu, mu da muka saba da sanyin da ke korar mana shi.

Washegari ni da Yaya muka hau a-kori-kura ta 'yan kasuwa zuwa Gwarzo, daga nan muka nufi Unguwar Tudu. Dawa ta yi tsayi, ko'ina shar. Mai gidan yana jiranmu a ƙofa, Alhaji Tukur, ɗan marigayin da ya gina shi, yana sayar da yadi a Kano. Mutum ne mai fara'a da saurin magana. Ya buɗe kwaɗon zauren, sai ya tsaya ya yi ta rafka sallama da ƙarfi, ya kuma dakata. Na ji kamar sautin silifa yana nisa.

Na ce, "Alhaji, gidan da ba kowa ake wa sallama haka?"

Ya ce, "Sabo ne, Hajiya. Bismilla."

Gaskiya gidan ya shiga raina tun daga zaure. Ginin ƙasa ne na mutanen da, bango mai kauri, kina shiga sanyi ya rufe ki. Na karɓi taɓarya a hannun Yaya, wadda ta aro a makwabta tana mita, na bi azarar soron ina ƙwanƙwasawa. Ta ɗakin tsakiya lafiya lau, amsawa take kamar ƙarfe. Ta shigifa kuwa gara ta cinye cikinta, ina taɓawa gari ya zubo mini a ido. Ɗaki ɗaya na baya an yi masa rufin kwano, yana yoyo a kusurwa, ga sawun ruwa ya zana bango. Indararo biyu sun karye, ruwa ya ci gindin ginin ta arewa, sai an yi sabon yaɓe. Na leƙa masai, bai cika ba, kuma yana can nesa da rijiya. Na ja ruwa na kurɓa, ba gishiri, na wanke hannu da sabulu ya yi kumfa. Na tsaya inda murhu yake na duba inda iska za ta kai hayaƙi. Alhaji yana bina da kallo yana murmushi, ya ce maigidana ma bai yi rabin wannan ba.

Sai na juyo ga tsakar gidan. Ciyawa ta rufe ta har gwiwa, kamar kowane gidan da aka bari da damina. Amma a tsakiyar ciyawar akwai wata siririyar hanya, tas, a daɓe kamar an bi ta da madaɓi, ta taso daga zubewar katangar gabas, ta kewaye bishiyar darbejiya, ta faɗa zubewar yamma. Maigidana da rani ya zo, lokacin da ƙasa duk iri ɗaya ce, ina zai gan ta? Na je na duba wuraren da ya ce sun zube. Katangar da ruwa ya kayar bakinta kaca-kaca yake, ga ɓaraguzai a ƙasa. Waɗannan kuwa gefensu sumul, har sheƙi yake yi daidai kafaɗata.

Na ce, "Alhaji, wa ke bi ta nan?"

Ya ce, "Awaki ne. Kina sa bulo shi ke nan."

Na ce, "Awakin garin nan dogaye ne."

Ya yi dariya ya duba agogo. Ya ce zai shiga Gwarzo wajen 'yan'uwa, yana so ya ji amsata kafin ya koma Kano, don akwai wani mai sayen hatsi da ya matsa, yana son ya rushe ɗakunan ya yi sito. Ya bar mini makullin ya tafi. Yaya ta tafi mayar da taɓarya da gaida ƙawarta, ni kuma na shimfiɗa mayafi a gindin darbejiya na zauna.

Ƙarar motarsa ba ta gama ɓacewa ba sai ga wata mata ta sunkuyo ta kafar gabas da kwano a rufe. Ta gan ni ta yi turus, ta gaishe ni a ɗarare, ta wuce ta fice ta yamma. Can sai ga wasu biyu da ƙullin niƙa. Sai wata amarya da lalle a ƙafa, sai mai talla da goyo. Kowacce sai ta dafa gefen katangar nan in za ta sunkuya. Ɗaya ce ta fi ɗaukar hankalina, doguwa, siririya, ba za ta wuce talatin ba, da bokitin ruwan zafi da tsumma a kafaɗa. Ta wuce gabas da sauri, ta daɗe, ta dawo hannunta a jiƙe. Kafin azahar ta sake wucewa. Ni da na zo neman inda ba ido, ga ni zaune a tsakiyar kasuwa.

A gidan ƙawar Yaya muka sauka, Inna Dije, ungozomar unguwar, tsohuwa ƙarama mai kaifin ido, gidanta na ɓangaren gabas. Ta dama mana fura da nono, ta kawo kwaɗon zogale. Ban bari na gama sha ba na tambaye ta.

Ta ce, "Hanyar ciki ke nan. Uwar su Tukur ce ta fasa ta. 'Ya'yanta mata biyu aka aurar, ɗaya gabas ɗaya yamma, ta ce ba za ta zauna sai dare ya yi sannan ta ga 'ya'yanta ba. Ta sa aka fasa katanga nan da can, aka yi darni daga kowace kafa zuwa bayan gidajen. Mace ta fito ta bayan gidanta, ta bi darni, ta ratsa tsakar gidan, ta faɗa wancan ɓangaren, ba namijin da ya gan ta. Tun ina amarya ake bi."

Na ce, "Mazansu sun yarda?"

Ta ce, "Ai ba fita ba ce. Ta cikin gida ta bi. Wadda ta bi titi da rana ita ce ta fita, balle yanzu da kowane namiji ke tsoron a ce matarsa ce aka gani. In an ji sallamar namiji a zauren sai kowa ta dakata, shi ya sa mijinki bai ga kowa ba. Mazan unguwar ma rabinsu sun manta da ita."

Na tambaye ta mai bokitin nan. Ta ce Binta ce, tana aure a yamma, uwarta Iya Abu tana gabas, ɓarin jikinta ya shanye tun bara. Ɗan da take hannunsa yana gona wuni, matarsa kuma cikinta ya tsufa, ko tulu ba ta iya ɗagawa. Binta ce ke zuwa ta juya ta, ta wanke ta, ta canza mata shimfiɗa, ta koma ta ɗora wa mijinta tukunya.

Da la'asar na ja Yaya muka bi ta waje, don in ga unguwar da kuma nisan zagayen. Bayan gidan kwazazzabo ne mai zurfi, ruwa na gudu a ciki. Ta gaba kuwa sai kin fita babban titi, kin wuce masallaci, da teburin mai shayi, da rumfar mahauta, da inda 'yan acaɓa ke tsayawa, sannan ki karyo. Ni da nake baƙuwa da furfurata sai da na ji idanu a bayana. Unguwar kuwa ba laifi, ga injin niƙa, ga islamiyya, ga ɗakin shan magani ba nisa, wuta ce dai sai an ga dama. Komai ya yi mini, sai abu ɗaya.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na ji kamar an yi mini wayo. Muna cin tuwo na kasa haɗiye maganar, na ce wa Yaya, a gaban Inna Dije da wasu mata da suka shigo gaishe mu, "Ni fa gudun idon mutane na yi na taho. Duk abin da muka mallaka za mu zuba a nan. In na saya, toshewa zan yi, kowa ya ji haushina. In kuwa ba zan iya toshewa ba, gara in zauna inda nake." Yaya ta zungure ni da ƙafa, Inna Dije ta ce a ƙaro wa baƙuwa miya.

Da hantsi na koma gidan ni kaɗai, wai in ƙara duba rufin kwanon. Ina shiga na ga an kafa zana a kafar gabas, an kafa a ta yamma, an ɗaure su tam da igiya. Na ce a raina, to, sun ji magana. Na koma na sa sakatar zaure.

Ban san yadda zan kwatanta muku yinin nan ba. Shiru, sai kurciya a kan darbejiya. Na cire mayafi, na cire ɗankwali, na warware kitsona da ya tsufa. Na ja ruwa na yi wanka a fili, a bakin rijiya, rana na dukan bayana, ba mai ƙwanƙwasa ƙofa ta ce in yi sauri. Na zagaya ina faɗa wa kaina da ƙarfi, nan zan sa keke, nan zan shuka yakuwa, nan turken tunkiya. Na yi sallar azahar a inuwa. Ina shafa addu'a sai kuka ya zo mini, ban san daga ina ba, na kuwa sake shi, da murya, irin wanda ban yi ba ko ranar da uwata ta rasu, don ranar ma ɗaki cike yake da mutane. Da na gaji na kwanta a kan mayafina na yi barci. Tun da aka kai ni ɗakin miji ban yi barci mai daɗin wannan ba. Na farka na riga na yanke shawara, zan saya, zan sa bulo.

Na koma masauki da la'asar fuskata a sake. Inna Dije ta dube ni ta ce, tunda alama ta nuna zan zama makwabciya, ya kamata in je in duba mara lafiya, haka ake yi. Muka shiga gidan Iya Abu. Tun daga bakin ƙofar ɗakin wari ya tare ni. Tsohuwar tana kwance a ɓarin da aka bar ta tun asuba, shimfiɗarta sharkaf, ƙudaje na bin ta. Surukarta mai cikin tana tsugune tana fifita, idonta ya yi ja. Ta ce ita da Inna Dije sun gwada ɗaga ta sun kasa. Na gaida Iya Abu. Ta ja gefen zane da hannunta mai lafiya ta rufe fuskarta.

Na ce, "Ina Binta?"

Inna Dije ta ce, "Tana jiran duhu, a rako ta ta titi."

Na ce, "Wa ya sa ku rufe hanyar? Ni ban ce a rufe yau ba!"

Ta ce, "Ita Bintar ce. Ta ce a bar baƙuwa ta ji daɗin gidan ko na yini ɗaya, ko Allah zai sa ta saya. In mai hatsi ya saya, siminti zai sa har sama, ya zuba maza masu dako, shi ke nan an raba unguwa biyu. Ke kuwa mace ce. Ko kin toshe, wata rana a roƙe ki." Ta gyara zama, ta sassauta murya. "Gidanki ne, 'yar nan. Ko gaban alƙali aka je ba mu da ta cewa, kuma ba za mu je ba. Abin da muka ce in roƙa mana shi ne, in kin tashi toshewa, ki sa 'yar ƙofa ki riƙe makullin. Ba za mu dame ki ba. Haihuwa da mutuwa kawai, sai mu ƙwanƙwasa."

Na dubi tsohuwar da ke ƙarƙashin zane. Wannan ba haihuwa ba ce, ba kuma mutuwa ba. Na tashi na fita.

Ta darnin gabas na bi, na kwance zanar na shiga tsakar gidan, na bi siririyar hanyar zuwa yamma. Igiyar can ta ƙulle, sai da na sa haƙori. Ina yaye zanar na ga mutum. Binta ce a zaune a ƙasa, ta jingina da katangar, bokitinta a gabanta, tsumma a kafaɗa. Na taɓa ruwan, ya huce sarai.

Na ce, "Tun yaushe kike nan?"

Ta ce, "Na ɗan jima." Ta sunkuyar da kai. "Na ce ko za ki fita da wuri. Da na ji kin yi barci sai na ce kar in tashe ki, ban kuma ji fitarki ba." Sannan ta ce a hankali, "Allah ya yaye miki abin da ke damunki, Hajiya."

Ashe duk ta ji. Na so in ji haushi, na neme shi na rasa. Na ce mata, "Tashi ki wuce." Ta ɗauki bokitin da gudu-gudu, na bi bayanta, muka kama Iya Abu ni da ita muka juya ta. Ban taɓa sanin mutum marar nauyi a ido yana da nauyi haka ba. Binta na wanke ta tana yi mata hira kamar ba abin da ya faru, tana ce mata yau aiki ne ya riƙe ta.

Da safe Alhaji Tukur ya zo karɓar makulli. Na lissafa masa azarar shigifa, da kwanon da ke yoyo, da indararo, ya ce za a duba a sassauta. Sannan ya ce, "Maganar awakin nan kuma, kar ta dame ki. In kina so ni zan sa a toshe kafin ku tare, don kar a ga baƙinki."

Na ce, "Bar mini awakina, Alhaji."

Ya dube ni, ya kawar da kai. Ya ce tun da tsohuwarsu ta rasu yake son ya toshe, hannunsa ya ƙi, shi ya sa ma ya ga gara ya sayar wani ya yi. Na ce a raina, sannu da dabara.

Dawowa ba abin labari. Yaya Hajara ta cika mini buhu da kuka da daddawa, ta raka ni bakin titi tana ce mini in koyi kunya kafin in tare. A mota hankalina yana can unguwar. Ko inda aka mayar da kaset ɗin kiɗa ban lura ba.

Maigidana ya tare ni da tambayar rijiya da rufi, na ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce to bulo nawa nake gani zai toshe wuraren nan biyu. Na ba shi labarin duka.

Ya ce, "Sai mu nemi wani."

Na ce, "In muka bari, mai hatsi ne."

Ya ce, "To a sa ƙofar da suka ce, ki riƙe makulli."

Na ce, "In zauna a ciki ina jin numfashin mutum a bayan ƙofa? Ba zan iya ba."

Ya ce, "Ke da kika ce kin gaji da ido?"

Na ce, "Na gaji. Har yanzu a gajiye nake. A saya."

To kun ji. An saya, bayan kaka za mu tare, kuma katangar tana nan yadda na same ta. Kada wadda ta zo ta yi mini barkar samun hutu, ban samu ba, kuma a shekaruna na san ba wani gidan da zan sake saya. In kun shigo kun tarar ina share hawaye a kan keke, ku yi haƙuri, ba na rabuwa da ku ba ne. Yinin nan guda nake wa kuka. Na ɗanɗana shi, na san daɗinsa, kuma da haƙorina na kwance igiyar.